Cikin Jandarma Ya Kwanta

Samarin da ke zama a ƙofar shagona yanzu suna da wata magana da ke ba ni haushi. In suka ga na danne akuya ana yi mata allura, sai ɗaya ya dubi ɗaya ya ce, "Wai wannan ma sana'a ce? Riƙe dabba kawai?" To ga amsarku a rubuce, tunda in na fara da baki, kafin in kai tsakiya kun koma kan wayoyinku.

Shekara goma sha tara na yi ina yi wa wani likitan dabbobi aiki a Tamanrasset. Balarabe ne daga arewa, mu Hausawa muna ce masa Lokotoro. Aikina biyu ne, riƙo da tafinta. In an kawo dabba ni ke riƙe ta, in mai dabbar Bahaushe ne ko Buzu mai jin Hausa ni ke juya magana tsakaninsa da Lokotoro, wanda a wurin aiki ba ya yin komai sai Faransanci. Kayan aikina ba su da yawa: igiya biyu, tsohon bargon soja, safar hannu ta fata irin ta masu walda, aska, da wata tukunya mai murfi da muke tafasa almakashi da hantsaki a ciki kowace safiya.

Kowace dabba da riƙonta. Raƙumi sai ka gurfanar da shi ka ɗaure ƙafar gaba a naɗe, kuma kada ka tsaya inda bakinsa zai iso ka, don abin da yake fesowa sai ka kwana uku kana jin warinsa a rawaninka. Akuya gwiwa take so a haƙarƙari da hannu ɗaya a ƙaho. Jaki ka lallashe shi ta gaba, ka manta da cewa yana da baya. Duk waɗannan ƙarfi ne da sabo. Kyanwa ce kaɗai ba ta jin ƙarfi. Fatarta ta fi ta yawa, kana riƙe da ƙeyarta sai ta juya a cikin fatar ta same ka da ƙafa huɗu da baki. Tabon da ke hannuna na hagu, wanda kuke zaton wuƙa ce, wata 'yar kyanwa ce da ba ta kai tafin hannu biyu ba.

Amma ba riƙo ne ya kusa halaka ni ba. Kalma ɗaya ce.

Daga Tasawa na zo, a saman kamyo, wato babbar motar kaya, a farkon shekarun casa'in, da niyyar in wuce gaba. Ban wuce ba. Wanda ya sauke ni shi ne Alhaji Laminu, mutumin Maraɗi, mai babbar mangaza a kasuwar Assihar inda yake jibge gero da wake da gyaɗa da busasshen barkono da ake kawowa daga gida. Ya ba ni ɗaki a bayan mangazar. A lokacin ba ni da takarda ko ɗaya, kuma a garin nan wanda ba shi da takarda maigidansa ne takardarsa. In aka zo kame, wanda Alhaji ya ce "nawa ne" yakan kwana a ɗakinsa, wanda ba mai cewa haka a kansa sai a ji labarinsa daga bakin iyaka. Alhaji ne kuma ya kai ni wurin Lokotoro, saboda na yi aji huɗu a lekkol, makarantar boko, abin da ya sa a gidansa ake kallona kamar da ni aka yi shawara kafin a ƙirƙiro Faransanci. Shi kansa Larabcinsa na gaisuwa ne da ciniki, daga nan ya ƙare.

Alhaji yana da kyanwa, ja mai farin ƙirji, sunanta Jandarma, kamar jami'an tsaron nan masu tare hanya. Ya sa mata sunan ne don ba ɓeran da ke wucewa gabanta bai yi bayani ba. Duk layin masu hatsi an san ta. Mangazar kowa akwai buhu mai huji, ta Alhaji babu. Kuma 'ya'yanta sun gado ta, saboda haka in ta haihu sai ka ga manyan mutane masu gemu suna zuwa gaida Alhaji gaisuwar da ba su saba ba. Ba ya sayarwa, ya ce kyanwa ba hajar sayarwa ba ce. Kyauta yake bayarwa, shi ya sa abin ya fi tsada. Wanda ya samu ɗan Jandarma ya san Alhaji na ganin mutuncinsa, wanda bai samu ba ya koma gida yana binciken abin da ya yi. Na ga mutum biyu sun daina gaisawa a kan wata 'yar baƙa mai karyayyen bindi.

Shekarar da abin ya faru muguwar shekara ce a wurinmu. Ƙasar ba lafiya, Turawan yawon hamada sun daina zuwa, waɗanda ke zaune a garin da karnukansu da kyanwoyinsu sun tattara sun tafi. Su ne masu kawo wa Lokotoro aikin da yake so, wato aikin wuƙa. Abin da ya rage mana akuya mai zawo da raƙumi mai ƙazwa. Mutumin da ya yi shekaru yana koyon fiɗa ya koma shafa wa raƙuma man ƙazwa da tsumma. Sai ya zauna a ofis yana goge almakashin da ba abin da ya yanka. In kyanwa ta bi ta kan katanga yakan bi ta da ido har ta ɓace.

A cikin wannan hali Alhaji ya kawo Jandarma a kwando, wata safiya ta sanyi. Ba ta daɗe da yaye 'ya'ya biyar ba, ta rame, ƙuma ta cika ta, gashin bayan kunnenta na zuba. Na fito da ita da bargo, Lokotoro ya duba kunne, ya duba haƙori, ya shafa cikin, ya girgiza kai. Ya ce haihuwa ta cinye ta. Sannan ya dubi Alhaji, fuskarsa ta ɗan yi haske, ya yi tambaya da kalmar da na fi sani a duk Faransancin asibitin: ko a siterilize ta?

Wannan kalma kullum da ita nake karya kumallo. Da na shigo da safe Lokotoro zai nuna tukunya ya ce, "Isufu, siterilize." In zuba ruwa, in jefa almakashi da hantsaki, in tafasa. Watana biyar ke nan ina siterilize. Da farko na ce a raina mutumin nan dafa kyanwar Alhaji zai yi? Sai na yi tunani irin na mai aji huɗu, na ce ai manufar tafasawa kashe ƙwayoyin cuta ne, ke nan wani wanki ne na musamman zai yi mata.

"Mi ya ce?" in ji Alhaji.

"Ya ce ko kana so a tsabtace ta gaba ɗaya, a kashe duk wata cuta da ke jikinta, ciki da waje."

"Yo mi ya kawo ni? Ka ce mishi ya yi, ya yi da kyau. In akwai ƙari ma ya ƙara."

Na juya na ce wa Lokotoro Alhaji ya yarda ƙwarai. Lokotoro ya yi mamaki, ya sake tambaya ko Alhaji ya gane, na ce ya gane sarai, har ya ce a ƙara. Ya kama hannun Alhaji ya girgiza, ya ce da duk 'yan kasuwa masu wayewa ne irinsa da an huta. Wannan ma na juya, Alhaji ya tafi yana gyara hula.

Aka hana ta abinci, washegari da hantsi na riƙe ta aka yi mata allura. Ta yi laushi, harshe ya ɗan leƙo, idanu a buɗe amma ba kowa a ciki. Lokotoro ya ce in aske mata ƙasan ciki. Na aske, ina cewa a raina wankin nan da gaske ne. Ya shafa jan magani. Sai na ga ya ɗauki wuƙa. Ya tsaga wuri kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ya sa wani ƙaramin ƙugiya ya jawo wani abu siriri mai reshe biyu, kowane reshe da ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake a ƙarshensa. Ya ɗaure, ya yanke, ya ajiye a faranti, ya ɗinke. Yana yi yana fito, rabon da in ji ya yi fito tun tafiyar Turawa.

Na nuna farantin na ce, "Wannan ce cutar?"

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ce masana'antar. An rufe ta. Ba sauran 'ya'ya, an gama."

Ku da kuke cewa aikin nan ba wuya, ina so in ga fuskar ɗayanku a wannan lokacin. Na tsaya da faranti a hannu ina lissafin mutanen da Alhaji ya yi wa alkawarin haihuwa mai zuwa, ina kuma tuna nisan bakin iyaka. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske. Ban ce wa Lokotoro komai ba, don in ya san tafintansa ya yi wannan ranar zan bar aiki. Da Alhaji ya zo ya ga ciki a aske da ɗinki, ya ce "Subhanallahi, mi an ka yi mata?" sai na ji bakina yana cewa cutar a ciki take, Lokotoro ya buɗe ya ciro ta, kuma da an ƙara mako ɗaya da sai dai wani labarin. Alhaji ya yi hamdala, ya ce dama jikinsa ya ba shi.

Jinyarta a ɗakina aka yi, ni na nema, na ce sai mai ilmin abin. Gaskiya kuwa a kanta na koyi duk abin da na sani game da kyanwar da aka yi wa wannan aiki, kuma ba ta koya mini da sauƙi ba. Da ta farfaɗo ta miƙe ta yi taku biyu ta kife, ta sake miƙewa ta bi bango tana tangaɗi, baƙin idonta ya cika idon duka. Ta yi ɗan amai. Jikinta na rawa, don bayan allurar barci sanyi ke kama su, ga sanyin Tamanrasset da ba ya wasa. Na cika kwalba da ruwan ɗumi na naɗe da tsumma na sa a gefenta. Kyanwar da ta saba hawa kafaɗata ta dube ni ta yi huci, ta ja jiki ta shige ƙarƙashin gado can lungu. Wannan ba ƙiyayya ba ce, haka suke yi in suna jin ciwo, duhu suke nema da shiru. Wanda ya sa hannu ya jawo ta don ya nuna ƙauna, shi da yatsunsa.

Ranar farko ba ta ci ba, ruwa kawai ta ɗan lasa. Rana ta biyu ta ci ɗan nama. Rana ta uku ta gano ɗinkin, daga nan aka fara yaƙi. Harshen kyanwa kamar magogi yake, in ka bar ta yini ɗaya za ta kwance abin da likita ya ɗinka ta buɗe cikinta da kanta. Ba mu da wannan mazurarin roba da ake sa musu a wuya yanzu. Na yanke hannun wata tsohuwar rigar sanyi tawa, na huda rami huɗu, na zura ta ciki. Tana jin riga a jikinta sai ta sandare, ta faɗi ta gefe kamar an harbe ta. Na ɗaga ta, ta sake faɗuwa. Da ta gaji da mutuwa ta tashi ta riƙa tafiya da baya, wai ko za ta fita daga rigar ta can. Alhaji ya leƙo ya gan ta, ya ce ko a Makka bai ga kyanwa da riga ba, ya aika aka kira maƙwabta su gani.

Kwana goma ba tsalle, ba hawa buhu. Kyanwar da ta saba kwana a saman buhu na bakwai, yanzu ka ce mata ta zauna a ƙasa. Na kwashe duk abin da za ta iya hawa daga ɗakin, har akwatina na kai waje. Safe da yamma in naɗe ta a bargo in duba wurin: ja ne, ya kumbura, yana ruwa, yana wari? Ɗan ƙulli mai tauri ya fito a ƙarƙashin ɗinkin, na ruga wurin Lokotoro, ya ce zaren ciki ne, zai baje da kansa, abin tsoro shi ne zafi da mugunya ko ta daina ci. Rana ta biyar ta fara wanke fuska da hannu, wanda a wurin kyanwa shi ne alamar ta dawo duniya. Rana ta goma aka cire zare. Da na cire mata rigar ta zauna ta lashe kanta tun daga wuya har bindi, ta ɗauki fiye da awa, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Ta koma mangaza ta ci gaba da aikinta, don aikin da aka yi mata ba ya hana kyanwa kamun ɓera. Gashin ciki ya tsiro. Abin da ya canja biyu ne. Na ɗaya, ta daina wannan kukan da take yi lokaci lokaci kamar jariri, ta daina birgima a ƙasa, kuma muzuran da ke layi a kan katangar mangaza suka zo sau biyu suka ga ba kasuwa suka watse. Alhaji ya ce ta natsu, girma ya zo. Na biyu, ta buɗe ciki da ci, kuma abin da take ci yanzu ba mai raba shi da ita. Cikin wata biyu ta yi ƙiba, wani tumbi ya sauko yana lilo tsakanin ƙafafunta na baya.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar Alhaji yana raba dabino a ƙofar mangaza.

"Isufu, albishirinka! Jandarma ta ɗauka. Dubi cikin nan, wannan karon shida ne ko bakwai. Likitanku ya iya aiki, wallahi."

Na ce masha Allah. Me kuke so in ce?

Daga ranar aka sauke ta daga aiki. Alhaji ya ce mai ciki da aka yi wa fiɗa ba ta bin ɓera. Aka shimfiɗa mata buzu kusa da kujerarsa, da safe sardin na gwangwani, da rana nonon taguwa, da yamma abin da ya rage a kwanon Alhaji, wanda yake ragewa da gangan. Kyanwar da ta ƙoshi haka ɓera ma sai ta ga dama. Na gani da idona wani ya bi ta kan bindinta ya wuce, ta buɗe ido ɗaya ta mayar. Ɓerayen Assihar suka ji labari. Buhunan Alhaji suka fara huji kamar na kowa, shi kuwa ya ce ba komai, in 'ya'yan suka zo za su rama.

Alkawari kuma ya yi ta fita. Na farkon haihuwa na limamin unguwa ne, na biyu na wani mai kamyo, akwai wani mai garka, wato lambu, daga Silet da ɓeraye suka hana shi ajiye alkama, duk saukowarsa gari sai ya kawo wa Alhaji kwandon tumatir ya leƙa buzun ya gaida mai ciki. Har daga Mertoutek an aiko da saƙo. Da na ƙirga alkawuran a raina sun kai goma sha ɗaya, ko da cikin gaske ne ba zai biya ba.

Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, kowa ya sani. Wata uku ya wuce, huɗu ya wuce. Jandarma na ƙara faɗi, har ta kai in za ta lashi bayanta sai ta mirgina. Aka fara zaman shawara a ƙofar mangaza. Wani ya ce sanyin bana ne. Wani ya ce baki ne, mutane sun cika yabonta, aka rataya mata ɗan laya a wuya. Sai wani dattijo mai sayar da lalle ya ce shi a ganinsa cikin kwanciya ya yi, ai ana yi wa mata, ciki ya kwanta shekara ɗaya ko biyu sannan ya tashi, kuma Larabawan garin nan ma sun san da haka. Duk aka juyo aka dube ni, ni ne mutumin asibiti.

"Isufu, a likitance ana samun haka?"

Na gyara murya na ce akan samu, ba kasafai ba, amma akan samu. Ranar har shayi na farko aka miƙo mini kafin dattawa.

Wanda ya ɓata mini shiri Malam Habu ne, mai karantar da yaran Hausawa a unguwarmu, mutum mai ƙarancin magana. A wata na bakwai Alhaji ya ɗauke ni muka je wurinsa neman abin da zai tada cikin. Malam ya saurara har ƙarshe, ya dubi kyanwar a kwando, ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Alhaji, littattafan da na karanta a kan mata suka yi magana, ban ci karo da babin kyanwa ba. Ba zan rubuta abin da ban sani ba. Wa ya buɗe cikin nan?"

"Likitan su Isufu."

"To wanda ya buɗe shi ya san abin da ya gani a ciki. Ku koma wurinsa."

Ban taɓa jin tafiya ta yi mini gajarta kamar ta ranar ba, ga kwando ya yi nauyi har sai da na sauya hannu sau uku. Lokotoro ya ɗora ta a tebur, ya ce kai, wa ya hura ta? Na faɗa masa abin da ya kawo mu, a gajarce, murya ƙasa ƙasa. Ya zaci wasa ne. Ya matsa cikin, ya kama tumbin ya girgiza, ya fashe da dariya har ya dafa tebur. Ya ce wannan kitse ne, sardin ne, in ta haihu gwangwani za ta haifa. Ya ce ba a gabanka na ciro ba, Isufu? Ba shi Alhajin ne ya ce a yi ba?

Alhaji na tsaye yana murmushi, don ya ga likita na dariya ya ɗauka labari mai daɗi ne. Ni kuwa na riga na shirya abin da zan ce: likita ya tabbatar, ciki ya kwanta, a rage mata abinci a ƙara haƙuri. Ba wanda zai kama ni. Sai Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Faɗa mini yadda ya faɗa, ɗana, kada ka rage don ka ji tausayina. Ni a garin nan kurma ne, kai ne kunnena."

Maganar da na shirya ta ƙi fita. Na faɗa masa duka, tun daga tukunyar tafasa har faranti, har ƙaryar cuta, har ƙaryar likitance. Lokotoro ya ga dariya ta ƙare a ɗakin, ya tambaye ni me ke faruwa, shi ma na faɗa masa da Faransancina na aji huɗu. Ya zauna a kujera ya riƙe kai. Daga baya ya saya mini ƙamus, ya kafa doka cewa duk dabbar da za a yi wa wannan aiki sai ya zana wa mai ita a takarda, uwa da 'ya'ya, ya soke 'ya'yan da biro a gabansa. Bai kore ni ba, ya ce shi ma da laifinsa, hannunsa ne ya yi ƙaiƙayi.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya shafa kan Jandarma ya ce, "Kuskuren kalma, kowa na yi. Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da aka yi, Alhaji."

"Wata bakwai kana zaune kana kallona ina buɗe gwangwani."

Ya ɗauki kwandon da kansa, bai bar ni na taɓa ba. Na bi shi a baya har Assihar. A ƙofar mangaza mutane sun taru suna jiran sakamako, har da mai garkar Silet da tumatirinsa. Na ce yau kam sai bakin iyaka. Alhaji ya ajiye kwando, ya zauna, ya gyara babbar riga, ya dubi jama'a.

"To, likita ya duba. Ya ce cikin ya kwanta, kwanciya mai nauyi, sai ran da Allah ya tashe shi. Ya ce kuma a mai da ta aiki, motsi na taimakawa. Ko ba haka ya ce ba, Isufu?"

"Haka ya ce, Alhaji."

Aka yi ta Allah ya raba lafiya, aka watse. Da muka rage mu biyu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗakinka na nan. In na kore ka kasuwa za ta tambayi dalili."

Aka janye sardin, Jandarma ta yi kwana uku tana zagin kowa, rana ta huɗu ta kama ɓera. Ta ƙara shekara tara a duniya, lafiyayya, gashi na sheƙi, ta fi duk 'yan uwanta masu haihuwa daɗewa, kuma har ta mutu a Assihar mai ciki ce. In an zo kame Alhaji bai fasa cewa "nawa ne" ba, har na samu takarduna. Na ci gaba da cin abinci a gidansa. A idon kowa ba abin da ya canja, ni ma na ɗauka magana ta wuce.

Shekaru bayan haka ciwo ya kwantar da shi a asibitin gari, na je dubiya. A lokacin Faransancina ya nuna, har takardun dowan, wato kwastan, nake cika wa mutane. Ina zaune a bakin gadonsa likita ya shigo da takarda a hannu, ya yi bayani mai tsawo a kan abin da suka gani da abin da za su yi masa. Duk ɗakin ba mai jin yaren sai ni. Matarsa ta dube ni, 'ya'yansa suka dube ni. Na buɗe baki zan fara.

Alhaji ya ɗaga hannu daga kan bargo.

"Bari, Isufu. A nemo wani."

Aka yi fiye da awa ana neman wani, ina zaune.